Sun toshe wa kwamfutata baki, suka bar ni ina zargin shayi

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Adimin don Allah ka ɓoye sunana, kodayake duk wanda ya san kasuwar doya a Keffi zai iya gane ni kafin ya kai rabi, to in ka gane ni ka kama bakinka, ni ma na san naka. Don Allah ku ba ni shawara, irin wadda za ku ba ubanku in ya ruɗe. Amma bari in fara faɗin wautata da bakina kafin wani ya riga ni, ni ne mutumin da ya binne kwamfuta a cikin buhun garin rogo kwana biyu wai don muryarta ta dawo. Shekarata sittin da huɗu, gemuna fari fat, aji uku na yi a firamare na ga abin ba zai yi ba, malamin ma ya ga haka, muka rabu lafiya. Wannan rubutun da yatsa ɗaya nake yin sa, in kun ga kuskure ku tsallake.

Ni yanzu dillalin doya ne, amma ba da doya na tashi ba. A Garaku aka haife ni, gidanmu gidan kalangu ne tun daga kakanmu. Yayana, zan kira shi Tanko, shi ke waƙa ni ina kiɗa, mahauta muke yi wa ranar kasuwa, mu yi biki mu yi suna, har Gitata an sha ɗaukar mu a bayan akori-kura. Shekara goma sha biyar da suka wuce Allah ya karɓi abinsa, ciwon kwana uku, ni kuma tun daga ranar hannuna ya ƙi kalangu, na rataye shi, na kwashi iyalina muka dawo Keffi. A unguwarmu ba kowa ya san ni da kiɗa ba, Baba mai doya kawai ake ce min. Abin da ya rage min na Tanko a duniya kaset uku ne, kuma wanda ya ɗauke su abokina ne, zan kira shi Bitrus, mai gyaran rediyo, shi ke ɗaura mana lasifika a wajen biki tun muna samari. Shekara arba'in muna tare da mutumin nan. Kirsimeti a gidansa nake cin shinkafa, ranar layya cinya guda tasa ce ba a ma tambaya. Ya riga ni dawowa Keffi, ya buɗe shago, yanzu har waya da kwamfuta yana taɓawa.

Ina da 'ya, ma'aikaciyar jinya ce, sunan mahaifiyata gare ta don haka Uwata nake kiranta. Da ta sayi sabuwar laftof sai ta ba ni tsohuwar, wai in riƙa kallon wa'azi. Ni kuwa na kai wa Bitrus tare da kaset ɗin, ya haɗa wayoyinsa ya juye su ciki, ya nuna min inda zan danna. To ga wauta ta biyu. Da na ji muryar Tanko tana fita tas daga cikin na'urar, sai na ce ai kwamfuta ba ta mantuwa, me zan yi da kaset kuma. Wani maƙwabcinmu mai noman shinkafa ya daɗe yana roƙona su, na ba shi, ya zare zaren ya ɗaɗɗaura a gona yana korar tsuntsaye. Wato waƙar yayana ta ƙare a gadin shinkafa, da hannuna. Tun daga nan kullum da hantsi kafin in fita, da kuma bayan la'asar, sai in zauna gindin mangwaron tsakar gida in kunna, kuma ba na ɓoye muku, duk baƙon da ya shigo sai na ce masa, ka ji wannan hannun? Nawa ne. Mai ɗakina ta yi mita har ta gaji.

Sai ga wani ya fito neman Uwata, yaron kirki, ma'aikaci ne a Abuja, ita ma tana son sa. Mahaifinsa malami ne a Tudun Ƙofa, irin gidan da tun kakanni ake ɗaukar karatu a zaurensu. Aka ce ranar Asabar baffanninsa za su zo gaisuwa. Ranar Alhamis muna cin abincin rana sai bakina ya yi abin da ya saba, na ce in sun zo zan kunna musu waƙar mahauta su san gidan da suke neman iri. Wallahi wasa nake yi, ko in ce rabi wasa. Mai ɗakina ta ajiye ludayi, Uwata ta tashi ta shiga ɗaki, ni kuwa na ci gaba da dariyata ni kaɗai. Washegari Juma'a da safe ina shan shayi kofin ya ɗan karkace, ya zuba a kan tebur kusa da kwamfutar, ɗigo biyu uku suka taɓa gefenta, na goge da hannun rigata na fita. Na je kasuwa, na wuce masallaci, da na dawo bayan la'asar na kunna, shiru. Hoto yana nan, ɗan layin nan da ke tafiya yana nuna waƙa na ci yana tafiyarsa, amma ko tari babu.

Na ƙure bolum har ɗari. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na cire batir na hura na mayar, na hura ƙananan ramukan sifikar har kaina ya yi jiri, na shanya ta a rana kan kwanon ɗaki kamar kuɓewa. Da na tuna shayin sai na gaya wa mai ɗakina, ta ce ai dama ta sha faɗa min in daina shan abu kusa da ita. Daga nan ne maganar garin rogo ta shigo, don na taɓa ji an ce in waya ta faɗa ruwa a sa ta cikin shinkafa, mu kuma garin rogo ne da mu buhu guda. Na sayo iyafis, abin nan mai igiya da ake maƙalawa a kunne, ya ƙi shiga raminsa da ke gefen kwamfutar, rabi kawai yake shiga ya tsaya. Na ce ƙila girmansu daban-daban ne kamar takalmi, na sayo wani, shi ma haka, na sayo na uku. Na aro ƙaramar sifika mai igiya a wajen mai shagon kusa da mu, ita ma bakinta ya ƙi shiga. Da na ga abin ya fi ƙarfina na naɗe ta a ɗankwali na kai wa Bitrus. Ya sa tabarau, ya juya ta, ya leƙa nan ya leƙa can, ya girgiza kai ya ce, “Mutumina, ka shayar da ita. Sawun kad ɗin da ke fitar da murya ya sha shayi, ramin ma ya kumbura, sai an yi odar wani daga Legas.” Na ce to ka juye min waƙoƙin a waya kafin nan, ya ce ba ya yiwuwa, abin da ba ya magana ba a iya kwafe maganarsa. Na yarda. Me zai hana in yarda, ni da ban san ko harafin da ke jikin madannan ba sai an nuna min.

Wata uku, jama'a. Duk mako in biya ta shagon, ya ce kayan bai iso ba, mota ta lalace a hanya, mai kawowa ya tafi biki. Ban taɓa kai ta wajen wani mai gyara ba, don a ganina kai kayana wani shago bayan Bitrus yana nan cin amana ne. Ku dubi wannan. Abin da na koma yi shi ne in kunna ta bayan la'asar, in zuba wa layin nan ido yana tafiya, in riƙa rera waƙar a raina ina bin sa, in ya kai ƙarshe in san Tanko ya gama. Akwai wata waƙa da yake lissafa mahautan Garaku ɗaya bayan ɗaya, wata rana na zo tsakiya sai sunan mutum biyu ya ɓace min, na yi na yi na kasa tunowa. Ranar hawaye ya zubo min, tsoho da ni, don na ga na kashe muryar ɗan'uwana sau biyu, na ba tsuntsaye kaset na ba kwamfuta shayi. Mai ɗakina tana wanke-wanke a gefe tana kallona, ta ce in yi haƙuri, haka Allah ya so. Wannan kalmar ce har yanzu take ci min rai in na tuna.

Ana cikin haka aka sa rana. Kwana tara da suka wuce na je buga katin ɗaurin aure a wani shagon fotokwafi da ke hanyar jami'a, na tafi da kwamfutar don sunayen mutanen da zan gayyata suna ciki. Mai shagon wata Madam ce mai jiki, ta girmi Uwata nesa, Hausarta irin ta mutanen Akwanga. Tana buɗewa ta ce, “Baba, wa ya ƙure maka bolum haka, so kake ka fasa mana kunne?” Na ce Madam ko kin ƙure shi ya wuce nan ba abin da za ki ji, ta sha shayi. Ta yi dariya har da buga cinya, ta ce kwamfutar da ta sha shayi ba ta zama lafiya haka. Ta danna ɗan hoton sifika da ke ƙasa, ta ce, “To ai ga shi tana cewa akwai iyafis a jikinta, shi ya sa ta rufe sifikarta, tana tura sautin cikin iyafis ɗin.” Na ce wane iyafis, ga ramin nan wayam. Ta haska tocilar wayarta a ramin, sai ta ɗauko tsinken ashana ta ɗiga masa sufa gulu ƙanƙani, ta zura a hankali, ta riƙe tana ƙirgawa a baki, ta jawo. Sai ga wani ɗan guntun ƙarfe ya biyo tsinken, bai kai rabin ƙwayar gyaɗa kauri ba. Kafin in ce me ne ne wannan ta danna waƙar, sai muryar Tanko ta fashe a shagon da bolum ɗari, ɗalibai uku da ke jiran takardunsu suka zabura, ɗaya har ta yar da jaka. Ni kuwa na tsaya kamar gunki, kafaɗata ta dama tana bin kiɗan ita kaɗai.

Da Madam ta rage sautin sai ta ɗora guntun a tafin hannuna ta ce in duba bakinsa. Ta ce kan iyafis ne, kuma ba karyewa ya yi ba, in ya karye bakin yakan lanƙwashe, wannan da filaya aka datse shi daidai aka tura shi ciki. Ta ce duk mai gyaran da ya leƙa ramin nan minti ɗaya zai gani. Ta tambaye ni wa ya duba min ita, na ce wani ne can, ban faɗi sunansa ba, har a lokacin ina rufa masa asiri.

To halin nawa bai bar ni ba. Na mayar da guntun cikin ramin da tsinkensa, na karya tsinken na bar ɗan abin kamawa, na wuce shagon Bitrus kai tsaye. Na yi sallama, na zauna kan bencin da na saba, na ce Sarkin Waya, kayan Legas sun iso? Bai ko ɗago ba ya ce mako mai zuwa insha Allahu, don in yana so ya kwantar min da hankali da insha Allahu yake yi. Na ce to bari in gwada wani magani da na yi mafarkinsa. Na buɗe ta a gabansa, na kama tsinken da farce na zaro, na ajiye masa guntun kan teburin, waƙar ta tashi. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Bai yi musu ba, wannan kam na ba shi. Ya ce ranar Alhamis ɗin nan da yamma mai ɗakina da Uwata suka same shi a shago, Uwata tana kuka, suka ce in na kunna waƙar nan gaban baƙi auren ya mutu. Ya ce shi ya kawo dabarar, shi ya datse kan wani tsohon iyafis da filayarsa, ya zo gidana ranar Juma'a daidai lokacin da ya san duk mazan unguwa muna masallaci, ya tura shi da hannunsa. Shayin kuwa sa'a ce kawai ta faɗo musu, mai ɗakina ta ba shi labari ya ɗora a kai. Wai da na Asabar ɗin kaɗai aka yi niyya, sai aka ce a bari sai an sa rana, da aka sa rana aka ce a bari sai an ɗaura. Ya buɗe durowa ya nuna min filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafi abu, ya ce tun ranar ya kwafe waƙoƙin duka ya ajiye don kada wani abu ya same su, wato abin da ya ce min ba ya yiwuwa. Na faɗa masa maganganu, ba zan maimaita su a nan ba, har da cewa shekara arba'in ina ciyar da maciji da cinyar rago. Ya ce in zage shi yadda nake so, amma yarinyar a hannunsa aka yi mata suna, ba zai iya kallon ta tana kuka ba. Na ce ni fa, da ka kalle ni wata uku ina sintiri? Ya sunkuyar da kai yana juya sukudireba.

A gida mai ɗakina ko gezau. Ta ce ta yi, kuma in aka koma za ta sake, don bakina ba shi da linzami. Ta ce na san sarai irin gidajen nan ba sa ɗaukar 'yar makaɗa, ta tuna min da 'yar ƙanwarta da aka aiko aka karɓe kayan aurenta bayan an ji sana'ar kakanta. Na ce to me ya hana ku zaunar da ni ku roƙe ni kamar mutum, sai ku mai da ni abin wasa, ina binne na'ura a garin rogo kuna kallo? Ta ce tun da ta aure ni, an taɓa roƙona in bar abu na bari? Ta ce da sun roƙe ni da har lasifika zan aro. Wannan kam gaskiya ta faɗa, don ni ne mutumin da aka taɓa roƙo kada in yi wa sirikina kirari a wajen suna, na yi masa har biyu. Amma ko da haka ne, a bar ni ina kuka a kan laifin da ban yi ba, a ce min haka Allah ya so?

Yanzu ga inda nake. Saura mako uku ɗaurin aure, kati ya fita. Mahaifin yaron ya aiko cewa yana so mu zauna ni da shi wannan Juma'ar bayan masallaci mu san juna, kuma an ce min mutum ne mai son tambayar asali, daga ina kuka taso, me mahaifinku yake yi. Uwata ba ta gaya wa yaron komai ba. In na faɗi gaskiya, cewa ni makaɗi ne ɗan makaɗi, mai yiwuwa malamin ya yi murmushi ya ce ba komai, mai yiwuwa kuma a aiko a karɓi kaya, in zama ni na rushe wa 'yata aure da bakina kamar yadda suka ji tsoro tun farko. In kuma na ce mu manoman doya ne tun kaka da kakanni, na yi ƙarya da furfurata, na musanta ubana da Tanko a zauren mutane. Kuma Garaku ba Makka ba ce, tafiyar ɗan lokaci ce a mota, tsofaffin mahautan Keffi ma akwai waɗanda suka taɓa yi min liƙi. Ranar da maganar ta fito bayan aure, ba ni zan zauna a gidan ba, ita za ta zauna a ciki ana yi mata kallon wadda aka shigo da ita da rufa-rufa. Wani lokaci kuma in ji zuciyata tana cewa in faɗa don in rama kawai, su ma su ɗanɗana, wannan tunanin yana ba ni tsoro, don ban san ko gaskiya nake so in faɗa ba ko haushi nake so in huce.

Shi ya sa na zo gare ku. In faɗa wa malamin ranar Juma'a, ko in kauce wa tambayar in bar ta a rufe? Ko in kira yaron shi kaɗai in fara gaya masa, in bar shi da ubansa? In akwai 'ya'yan malamai a cikinku, ku faɗa min tsakani da Allah yadda iyayenku za su ɗauki wannan magana, kada ku lallashe ni. Shi kuma Bitrus, kwana tara ke nan ina zagayawa ta bayan layi don kada in bi ta ƙofar shagonsa, sunansa yana cikin waɗanda na buga wa kati, katin yana aljihuna, ban san ko in kai ba.

Ita Uwata tun ranar ba mu yi doguwar magana ba, gaisuwa kawai. Shekaranjiya da safe ta fito da fararen kayanta za ta tafi aiki, ina gindin mangwaro kwamfutar tana rufe a gabana, na kasa daurewa na ce, Uwata, ashe kunyar kiɗana kike ji? Ta durƙusa tana ɗaura igiyar takalmi, ba ta ɗago ba, ta faɗi wata magana ta fita ta hau acaba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban ba ta amsa ba. Cewa ta yi, “Baba, shekara shida a Garaku, duk ranar da na shiga aji sai yara sun buga min tebur, suna cewa in taka rawa mahauta su ba ni ƙashi. Ka taɓa jin na kawo maka ƙara?”